Daga Mahdiya Zuwa Gat: Daren da Jita ta Sa Manya Kuka

A wannan wata tafiya za mu yi zuwa Gat, amma kafin mu hau mota bari in faɗi abin da ya jawo zancen.

Duk wanda ya san unguwarmu ta Mahdiya ya san ba wurin da manyan makaɗan duniya suke yada zango ba ne. Kiɗanmu na biki ne: a tare titi, a kafa tanti, a ɗaura lasifika biyu, a ajiye janareto a kusa saboda halin wutar lantarki. Sauran kiɗan duniya kuwa ta wayar hannu yake shigo mana, ya zarce cikin kunnen 'ya'yanmu, mu iyaye ba mu ma san ya shigo ba. Daga cikin abin da yaran suke kallo akwai wani kiɗan Turawa da ake kira metal, wato ƙarfe, musamman wani reshe nasa da ake gamawa da kiɗan simfoni. Iyaye da yawa da zarar sun hangi baƙaƙen tufafi da dogon gashi sai su ce a'uzu billahi, su ƙwace waya. Ni dai a matsayina na malamin makaranta ina ganin ya kamata mu san abu tukuna, sa'an nan mu yanke masa hukunci.

WANE IRIN KIƊA NE?

Asalin metal birnin Birmingham ne na ƙasar Ingila, garin masana'antu, wajen 1970. Mai kaɗa jita na ƙungiyar Black Sabbath, Tony Iommi, inji ya taɓa datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe. Domin ya rage zafi sai ya riƙa sassauta tsirkiyar jitarsa, sautin ya yi kauri, ya yi nauyi, kamar rugugin hadari. Wannan nauyi shi ya zama alamar kiɗan.

Simfoni kuwa tsohon kiɗan Turai ne na fada da manyan zauruka: makaɗa sittin ko fiye, da goge manya da ƙanana, da sarewa, da ƙaho, da tambura, ga shugaba a tsaye da 'yar sanda yana ba kowa lokacinsa. A 1996 wasu samari a wani ƙaramin gari mai suna Kitee a ƙasar Finlan suka kafa ƙungiyar Nightwish, suka sa Tarja Turunen, wadda ta koyi waƙar gargajiyar Turai a makaranta, ta ɗora muryarta a kan rugugin jita. A shekarar ce kuma aka kafa Within Temptation a ƙasar Holan, waɗanda a 2008 suka hau dandali a Rotterdam tare da cikakkiyar ƙungiyar simfoni da mawaƙan amshi. Metallica ta Amurka ma ta yi haka da makaɗan simfoni na San Francisco a 1999. A taƙaice, kiɗan kakanni ne aka ɗaura wa injin mota.

Babban taron masu son wannan kiɗa a Wacken ake yin sa, wani ƙauye a arewacin Jamus mai mutane kimanin 2,000. Tun 1990 ake taruwa a can kusan duk bazara, kuma taron ya girma har ya wuce mutum 70,000, tikiti kan ƙare tun watanni kafin ranar. A watan Agusta na 2013 Nightwish suka yi wasa a can tare da sabuwar mawaƙiyarsu Floor Jansen, kuma hoton wannan dare ne ya fi yawo a wayoyi. Za ka ga jama'a iya ganinka, suna kaɗa kai gaba da baya a tare, suna ɗaga hannu da yatsa biyu a miƙe kamar ƙaho. Wannan alama ita ta fi tsorata iyaye, amma mawaƙin da ya yaɗa ta, Ronnie James Dio, ya ce a wurin kakarsa 'yar Italiya ya koya, wadda take yin ta domin tsari daga kambun baka. Sai kuma inda muryar matar take hawa sama, ta tsaya can. A nan ne na'urar ɗaukar hoto take nuna fuskoki, ka ga hawaye.

Wani ɗalibina ɗan aji tara ya taɓa miƙo mini waya bayan darasi, ya ce, "Malam, dubi wannan ƙato, ga gemu ga ƙirji, amma kuka yake yi kamar an yi masa rasuwa. Me aka yi masa?" Na ce masa na taɓa ganin irin wannan kuka da idona, kuma ba a Jamus ba. A nan Fezzan na gan shi, a ƙarshen Disamba na wannan shekara ta 2013, a bikin Gat karo na 19.

HANYA

Mu uku muka tashi daga Mahdiya bayan sallar asuba: ni, da wani abokin aikina malamin lissafi mai tsohuwar Toyota, da ɗan yayata wanda a lokacin bai cika shekara goma sha bakwai ba. Daga Sabha zuwa Gat kimanin kilomita 550 ne. Muka cika tanki, muka ƙara jarka biyu, domin duk ɗan kudu ya san gidan mai a hanyar nan ba abin dogara ba ne, ko da yake ƙarƙashin ƙasar da muke takawa man ne kwance.

Kashin farko na tafiyar cikin Wadi al-Hayat ne, wanda tsofaffi suke kira Wadi al-Ajal. Kwari ne mai tsawo, ƙauyuka a jere kamar carbi, da gonakin dabino. A hannun dama tulin rairayi ne ja, tekun yashi na Ubari, inda tafkunan nan suke ɓoye, su Gabar Aun da Ummul Ma. A hannun hagu baƙin dutsen Masak ne ya miƙe kamar katanga. Bayan kilomita 150 muka wuce Jarma, kufan babban birnin Garamantawa, mutanen da suka haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa suka yi noma a nan tun kafin zuwan Musulunci da ɗaruruwan shekaru. A Ubari muka karya kumallo da shayi da gurasa, muna kallon dutsen Tende da ya tsaya a kan garin.

Daga Ubari zuwa Awainat kilomita 260 ne na fili fetal, ba gida ba bishiya sai jefi-jefi. Abin da yake katse maka gyangyaɗi shi ne bawwaba, wato shingen masu tsaro, inda samari da bindiga suke leƙo kai su tambayi takarda. A nan kowa yakan yi shiru, domin a cikin 'yan'uwanmu akwai waɗanda aka haifa a ƙasar nan, aka haifi iyayensu a nan, amma har yau lambar ɗan ƙasa ba ta fito musu ba. Da aka wuce kuma sai direba ya mayar da kaset, jitar Abzinawa ta ci gaba, irin kiɗan nan mai tafiya kamar sassarfar raƙumi.

Bayan Awainat hanya ta karkata kudu, duwatsun Akakus suka bayyana a gabas. A cikin kogunansu ne ake da zanen mutanen da, na raƙuman dawa da giwaye da shanu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985. Kafin a shiga Gat akwai wani dutse shi kaɗai mai kama da rusasshiyar fada, Larabawa suna kiransa Kaf al-Junun, Abzinawa suna cewa Idinen, dutsen aljannu. A 1850 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya ƙi jin gargaɗi ya hau shi kaɗai, ya ɓata, ƙishirwa ta kusa kashe shi kafin wani Ba'abzine ya tsinto shi. Da ya warke ya ci gaba da tafiya har ya shiga Kano a 1851.

GARIN DA KE JIN HAUSA

La'asar sakaliya muka isa. Tsohon garin Gat na ƙasa ne, lunguna ƙunci, ƙofofin itacen dabino, a gindin dutsen da sansanin soja na zamanin Italiyawa yake kai. Idan ka hau can ka dubi ƙasa, sai ka rantse wata unguwa ce a cikin birnin Agadas ko Damagaram.

Ba ginin ne kawai ba. A kasuwar bikin na tsaya wurin wata tsohuwa mai sayar da tabarmi da faifai, na yi mata sallama da Larabci. Ta dube ni, ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Kun sha hanya." Na ce, "Inna, ashe kina jin Hausa?" Ta yi dariya, ta ce a gidansu da ita aka yi mata reno. Mutanen Gat da yawa harshe uku suke da shi: Tamahak na Abzinawa, da Larabci, da Hausa. Dalili kuwa sananne ne. Ɗaruruwan shekaru Gat zango ce ta ayarin da yake tasowa daga Kano da Katsina da Damagaram, ya bi ta Abzin, ya nufi Gadamis da Tarabulus. Ta nan baƙin turkuɗi na Kura da jan fatar Kano suke wucewa, kuma ta nan aka wuce da bayi, kakannin wasu daga cikinmu, abin da bai kamata mu ɓoye wa 'ya'yanmu ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da Italiya ta faɗa wa Tarabulus, sai fatauci ya juya kudu, ayari ya mutu. Harshen dai ya zauna.

Tun 1994 ake yin wannan biki a ƙarshen Disamba. Da rana akwai tseren raƙuma, da rawar takobi, da baje kolin maƙera azurfa da dukawa. A lungunan tsohon gari mata suna zaune cikin ado suna nuna yadda ake niƙa da saƙa da kai amarya. A wani gefe kuma ana kiɗan tende, wato turmi da aka rufe wa baki da fatar akuya, mata sun kewaye shi suna tafi, ɗaya tana bayarwa sauran suna amsawa. Na kuma ga wata dattijuwa da imzad, gogen Abzinawa mai tsirkiya ɗaya wanda mata ne kaɗai suke kaɗa shi. A cikin wannan wata na Disamba 2013 ne UNESCO ta sa imzad cikin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyu, tende da imzad, za mu komo kansu.

DAREN JITA

Bayan sallar isha aka nufi fili a bayan gari. Sanyin Gat a Disamba ba ya wasa, yana shiga har ƙashi. An hura wuta nan da can, an jera motoci an haska fitilunsu, an kafa ɗan dandali da lasifika a kan tebura. Mata da yara suka zauna a kan darduma a gaba, maza suka tsaya a baya cikin rawani da barguna, samari suka ɗare kan motoci.

Makaɗan su biyar ne, duk da rawani ya rufe musu baki: jita uku, da mai ganga, da mai tafi da amshi. Babban cikinsu ya daɗe yana gyara tsirkiya, kai a sunkuye, kamar bai san da mutane ba. Sa'an nan ya saki wani sauti guda, dogo, mai kaifi, ya bar shi yana rawa a iska. Kafin ya sake taɓa jitar, guɗa ta tashi daga wajen mata, ta bi fili ta zagaye. Tsigar jikina ta tashi.

Daga nan na daina kallon makaɗan, na koma kallon jama'a. Samari suka shiga fili biyu-biyu, suna rawar nan tasu ta natsuwa, hannu a buɗe, kafaɗa tana motsi kaɗan-kaɗan, riga tana jan ƙasa. Ba mai ture wani. Tafi kuwa bai tsaya ba ko sau ɗaya, ɗaruruwan hannuwa a kan bugu ɗaya. Wasu sun ɗaga waya sama suna ɗauka, wasu sun kira 'yan'uwa a Kidal ko Arlit sun miƙa wayar wajen lasifika domin su ji. Ɗan yayata, wanda a gida sai an yi da gaske yake buɗe baki, na hange shi a tsakiyar fili ya aro rawani yana juyi.

Can tsakiyar wata waƙa janareto ya mutu. Fitilu suka ɗauke, jita ta yi shiru. A wani wuri da sai ihu da tsaki. A nan kuwa ko gezau: mata suka ci gaba da tafi, suka ɗauki amshin, maza suka karɓa, mai ganga ya bi su. Minti kusan goma jama'a suna riƙe da waƙar a cikin duhu, ba abin da ake gani sai garwashi da taurari. Da wuta ta dawo, mai jita bai koma farko ba, ya faɗa daidai inda jama'a suke. Ihun da aka yi a lokacin, ina jin har Barkat an ji shi.

Kusa da ni akwai wani dattijo dogo, ya dogara da sanda, ya ja rawani har ƙasan ido. Da hasken mota ya faɗo masa sai na ga rawanin ya jiƙe. Ba'abzine da kunyar nuna fuska, balle hawaye! Da aka tsaya shan shayi na matsa na gaishe shi, na ce, "Baba, waƙar nan ta taɓa ku." Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce da Hausarsa ta mutanen Abzin, "Malam, wannan ai tenden uwata ne. Yaran nan wuta kawai suka sa masa."

ABIN DA YA SA KUKAN

Maganar dattijon nan ita ce amsar tambayar ɗalibina, kuma tarihi ya gaskata ta. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobin Abzinawan Mali da Nijar, samari suka watsu zuwa Tamanrasat da Gat da Ubari da Sabha neman abin sawa a baki. Ana kiransu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A 1980 Gaddafi ya yi kira gare su su zo a koya musu aikin soja, kuma a sansanonin Libiya ne Ibrahim ag Alhabib da abokansa suka ƙarfafa ƙungiyar da duniya ta sani da suna Tinariwen. Suka ɗauki bugun tende da zaƙin imzad da salon bayarwa da amshi, suka mayar a kan jita. Ba su da kamfani ba su da rediyo, kaset ne yake bin hannu yana tsallaka iyaka. Abin da suke waƙa a kai suna kiransa asuf, wato kewar gida da begen abin da ya wuce. A Nijar Abdallah Oumbadougou ya yi irin wannan aiki har rasuwarsa a 2020. Da aka yi sulhu bayan tawayen 2007 zuwa 2009, Bombino ya koma Agadas ya yi wasa a gindin hasumiyar babban masallaci a Janairu 2010, gari ya fito. A 2012 kuma Tinariwen suka ci kyautar Grammy ta Amurka da faifan Tassili, wanda suka naɗa a hamadar Janet, maƙwabciyar Gat ta ɓangaren Aljeriya.

To, ƙaton nan na Wacken da dattijon nan na Gat ciwo ɗaya ne yake damunsu. Shi Bature ya tashi yana jin goge da muryar mawaƙan coci a gidan kakarsa, ya girma ya bi kiɗan samari mai ƙara, sai ga dare guda an haɗa masa biyun, kuma yana tsaye cikin dubban mutane da suke jin abin da yake ji. Ƙara ita kaɗai ba ta sa kuka, in da tana sawa da masu injin niƙa sun fi kowa hawaye. Abin da yake karya zuciya shi ne mutum ya ji sautin gidansu bai mutu ba, ya sami sabon ƙarfi, kuma a bainar jama'a. Maƙwabtanmu na Tunisiya ma sun gane haka. Ƙungiyarsu ta Myrath, sunan da yake nufin gado, ta zuba goge da darbuka da karin waƙar Larabawa a cikin metal, har ta cika tsohon dandalin Rumawa na Kartaj, wasan da aka fitar a faifai a 2020.

Akwai bambanci, ba shakka. A Wacken ana sayen tikiti, ana shan giya, maza da mata a cakuɗe. A Gat kyauta ne, shayi ake sha, kaka da jika suna wuri ɗaya, kowa ya san iyakarsa. Ba na kiran kowa ya kwaikwayi abin da addininmu da tarbiyyarmu suka hana. Amma hawayen iri ɗaya ne.

MU FA?

Wajen ƙarfe ɗaya na dare mai jita ya gai da jama'a da Tamahak, ya gaishe su da Larabci, sa'an nan ya ce, "Sannunku da sanyi, jama'a! Ina mutanen Agadas? Ina na Damagaram? Ina na Kano?" Wallahi ban san muna da yawa haka a filin ba. Daga kowace kusurwa hannuwa suka tashi: magina, masu gadin gona, masu shayi, matan aure, da 'ya'yan Gat na asali. Wata mata a bayanmu ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe. Gaisuwa ce fa kawai, ba ta kai numfashi uku ba. A hanyar komawa masauki ɗan yayata ya ce, "Kawu, mu ina namu kiɗan?"

Tambayar tana nan har yau. Ba wai ba mu da abin ɗorawa ba ne. Muna da kalangun Mamman Shata wanda ya rasu a 1999, da kuntigin Ɗan Maraya Jos wanda ya rasu a 2015, da ƙwaryar amada ta Barmani Coge wadda ta rasu a 2013, da kukumar Garba Supa, da gurmin Haruna Uji. Sawunmu a arewacin Afirka ma tsoho ne: tun 1914 wani Bature mai suna Tremearne ya wallafa littafi a kan bori da kiɗansa a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus, kuma har yanzu akwai kalmomin Hausa a cikin waƙoƙin stambali na Tunisiya. Wani abin lura kuma, Mdou Moctar, ɗan Nijar ɗin nan da ya taɓa zaman ci-rani a Libiya, wanda yanzu Turawa masu son kiɗa mai nauyi suke rububin kallonsa, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da salon waƙoƙin finafinan Hausa. Wato wasu sun ɗebi namu sun yi gaba da shi, mu kuwa a bikin Mahdiya sai mu sa waya a lasifika mu ce an yi kiɗa. Yaran da aka haifa a nan da yawa suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Jikokinmu kuwa, Allah kaɗai ya sani.

Kada kuma mu ɗauka lokaci yana jiranmu. Wata tara bayan wannan dare, a Satumba 2014, yaƙi ya ɓarke a Ubari tsakanin Abzinawa da Tubawa. Dutsen Tende da muka sha shayi a gindinsa ya zama wurin kafa bindiga, hanyar Gat ta yanke, garin ya shiga ƙuncin abinci da magani da mai. An sa hannu kan sulhu a Doha a Nuwamba 2015, faɗan bai lafa sosai ba sai a 2016. A Yuni 2019 kuma ambaliya ta auka wa Gat, ta raba dubban mutane da gidajensu. Duk da haka mutanen garin sun sake kafa dandalinsu, bikin ya dawo. Wanda ya riƙe waƙa a cikin duhu minti goma, zai riƙe ta shekara biyar.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko ga matasa: wayar nan da kuke kallon Wacken da ita tana ɗaukar murya. Ku zauna gaban kakanninku mata, ku naɗi waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da na kai amarya, ku rubuta sunan garin da kowace ta fito, tun kafin a kai su makwanci. Na biyu ga iyaye: idan yaro ya nuna sha'awar jita, kafin a fasa ta a tambaye shi ko zai iya fitar da bugun kalangu a kanta, a kuma sa masa ido kan sallarsa da karatunsa. Na uku ga shugabannin jama'armu na Sabha da Murzuk da Ubari: a nemi wuri a bikin Gat, ko da tabarma ɗaya ce da masu ƙwarya huɗu da mai kalangu ɗaya. Garin da tsofaffinsa suke yi wa baƙo sannu da Hausa ba zai hana mu wurin zama ba.

Wanda kuma ya yi niyyar zuwa, ya tambayi lafiyar hanya wurin direbobin tasha kafin ya tashi, ya riƙe takardunsa, ya ɗauki jarkar mai da ta ruwa da bargo mai kauri, kada ya yi tafiyar dare tsakanin Ubari da Awainat. Ya tafi da yaro ɗaya ko biyu, domin gani ya kori ji.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya jiƙan magabatanmu da suka bi wannan hanya da ƙafa. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.